Ƙyauren da Na Tarar a Buɗe

Glasgow, farkon Nuwamba

Zuwa ga yayata Morven,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙaninki Struan. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Colm da yaran duka, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon bayan nan da kika ce yana hana ki sunkuyo a lambu. Mu nan lafiya, sai godiya. Mama tana nan da ƙarfinta, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, yanzu in ta kunna rediyonta maƙwabtanta na sama ba sa buƙatar kunna nasu. Matata Senga ta koma aikin safe a gidan burodi, tana dawowa da gari har a gira. Sanyi ya shigo mana da wuri bana, na san ku can Dunedin, a ɗaya gefen duniya, yanzu ne rana ta fara buɗewa, Allah ya sa ku ji daɗinta.

Na san kin ga hoton da Yaya Murdo ya aika miki, yana zaune riƙe da jikarsa, ga sanda jingine a gefen kujera, kuma na san ya ce miki gurɗewa ya ɗan yi. Ba gurɗewa ba ce. Na yi niyyar gaya miki ta waya, amma duk lokacin da kika kira Mama tana kusa, kuma ban yarda da muryata ba. Kin san tun ina makaranta ba na kwanciya sai na rubuta abin da ya faru a yini, ko da ruwan sama ne kawai. Shafin ranar nan har yau fari ne. Na zauna a gabansa sau da yawa na kasa. Sai na ga gara in rubuta miki, tunda ke ce babba, kuma ke kaɗai ce Yaya Murdo yake jin nauyi.

Tun ranar da 'yarsa Ailsa ta haihu a Manchester ya sa wa ransa cewa a kan keke zai je ganin jaririyar, kuma ba ta kwalta ba, ta hanyoyin daji da tudun tumaki, irin tafiyar da matasa suke yi yanzu da kaya ɗaure a jikin keke. Ya ce wai kowane kaka yana iya shiga jirgin ƙasa ya isa da fure a hannu, shi yana so in jaririyar, Effie, ta girma a ce mata kakanta ya haye duwatsu ya zo. Na ce masa ya haura hamsin kuma gwiwarsa ba ta da kirki. Ya ce ai shi ya sa zai tafi da ni, ga ɗan sito wanda ya san inda kowace ƙusa take a garejin bas, in keken ya wargaje sai in rubuta masa sunan abin da ya karye. Na ɗauki hutu. Na shimfiɗa kayanmu a ƙasan falo na jera su, tanti da risho da jakunkunan barci da igiya da usur da kayan faci, na kwashe, na sake jerawa, har Senga ta ce in ban fita da su ba ita za ta fita. Mama kuwa ta saƙa wa jaririyar farar hular ulu, ta naɗe ta a leda, ta danƙa wa Yaya Murdo, ta ce in ya kuskura ya ɓata ta kada ya dawo mata gida. Ya sa ta a aljihun ƙirjinsa ya ja zif.

Kwanakin farko sun yi kyau, ba zan ɓoye miki ba. Muna barin gidajen ƙarshe na gari muka hau hanyar tsakuwa ta ƙarƙashin manyan fankokin nan da iska ke juyawa su samar da lantarki, iska tana tura mu ta baya, Yaya Murdo yana rera waƙoƙin ƙwallo da muryarsa mai kama da ta jaki. Duk inda muka tsaya shan shayi sai na zagaya kekuna ina taɓa kowane maɗauri, shi kuma yana zaune a kan dutse yana kirana Sarkin Dubawa, yana tambayata ko na duba tayar ta san hanya. Mun kwana a tanti, mun kwana a bukkar dutsen nan ta matafiya da ba a kulle ta, na share ta na tara itace kafin mu tafi kamar yadda ake yi. Amma tun da muka wuce Moffat muka shiga dazuzzukan katako, tsoro ya fara shiga ni. Kin tuna irin dajin, itatuwa a jere kamar sojoji, duhu a ƙarƙashinsu da rana tsaka, ba tsuntsu, ba iska, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Mukan yi rabin yini ba mu ga mutum ba. Sabis ɗin waya ya ɗauke, in ya dawo a kan wani tudu kafin in gama rubuta wa Senga ya sake tafiya. Na riƙa tunanin in ɗayanmu ya faɗi a nan, wa zai sani, kuma yaushe.

Wata safiya da muka fito daga daji muka hau fili, mun wuce wani wuri a gefen hanya mai koren gansakuka, sumul kamar an shimfiɗa darduma, ya fi ko'ina kyau a wannan busasshiyar ciyawa. A tsakiyarsa na hango wani abu kamar tsumma. Da na matsa sai na ga bayan tunkiya ne da ƙaho ɗaya, sauran jikin duk yana ƙasa. Na tsaya ina kallo har Yaya Murdo ya juyo ya ce in zo mu tafi, ba danginmu ba ce, ba za a nemi mu halarci jana'iza ba. Na yi dariya don ya ji daɗi, amma na kasa cin burodina a tsayawar gaba. Abin da ya ƙara mini damuwa kuwa shi ne gwiwarsa. Na ga yadda yake sauka daga keke yana cije leɓe, in na tambaya sai ya ce lafiya lau, kada in mai da shi tsohuwa. Kin san halin gidanmu. Baba ma lafiya lau ya ce wa Mama, wai kumburin ciki ne, har ranar da aka ɗauke shi. Mu mutane ne da za mu gwammace mu mutu a natse da mu dami wani.

Ranar da abin ya faru mun tashi da sama a rufe, ga iska mai sanyi daga yamma. Hanyar ta bar daji ta hau wani babban fili na tumaki, ba itace ko ɗaya, sai ciyawa da dausayi har iyakar ganin ido, kuma a ɗaya gefen ne ya kamata mu sake shiga daji mu gangara. Bayan mun ci abincin rana muka iso wani shingen waya da ya ratsa tudun, da ƙyauren ƙarfe a kan hanya. Ƙyauren a buɗe yake, an tokare shi da dutse. Yaya Murdo ya wuce abinsa ko waiwaye bai yi ba. Ni kuwa na tsaya. Tun muna yara a tafiyar makaranta ba abin da aka fi cusa mana kamar a rufe ƙyaure a ƙasar tumaki, kuma duk kwanakin nan ni ne mai rufewa, in rufe in girgiza in tabbatar. Na ɗauka wasu masu keke ne irinmu suka wuce suka bar shi da sakaci, na ma ji haushinsu, don irinsu ne suke sa manoma su tsane mu. Dutsen nan da aka tokare shi da shi ya kamata ya gaya mini wani abu. Na gan shi, na ma yi tunani a kansa, sannan na ɗauke shi da hannuna na jefar gefe.

Da na tura ƙyauren sai na tarar sakatarsa ta karye, iska tana mai da shi baya. Wani zai ce to haka aka so. Ni sai na kwance jaka na ciro igiyarmu, doguwar nan mai ƙwari da na saya don ko za mu ƙetare rafi, na ɗaure ƙyauren da ginshiƙi, sama da ƙasa, na ƙulla na sake ƙullawa. Yaya Murdo ya tsaya can gaba yana ɗaga murya, wai in na gama ɗaura wa ƙyauren aure in biyo shi, shi sanyi yake ji, zai yi gaba a hankali. Na ce ya jira ni. Ya ɗaga mini hannu ya tafi. Na gama, na hau keke, na ɗan yi gaba, sai zuciyata ta ce anya ƙullin ƙasa ya kama. Na san kina girgiza kai. Na juya na koma na duba. Ya kama. Da na ɗago kaina, tudun da yake gabana ya ɓace. Hazo ya sauko kamar an saki labule, ko ginshiƙi na uku na shingen ba na gani.

Na bi sawun tayarsa. Da farko hanyar tana nan, layi biyu na laka a cikin ciyawa, sannan ta zama layi ɗaya, sannan ta narke ta zama ruwa da tsirrai. Na sauka ina tura keke ina kiran sunansa, hazon yana haɗiye muryata kamar ina magana cikin bargo. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, Yaya. Har bugun zuciyata nake ji a kunne. Na ga inda sawun ya bar ƙasa mai tauri ya miƙe kai tsaye, sai na gane na'urar nuna hanya ya bi, ita kuma layi kawai ta sani, ba ta san abin da ke ƙarƙashin layin ba. Can sai na ji muryarsa daga hagu, a natse, kamar mai kiran mutum daga kicin. Ya ce wai Sarkin Dubawa, in ba na wani aiki in ɗan zo in duba masa wani abu, amma in taka a hankali.

Na same shi a tsakiyar koren wuri irin wancan na tunkiya. Ya ga fili sumul ya ɗauka ya huta da tura keke a cikin tudun ciyawa, ya hau ya taka da ƙarfi, tayar gaba ta nutse ta wurgar da shi gaba. Lokacin da na iso lakar ta kai masa cinya, keken yana kwance a gefensa rabi a ciki. Yana murmushi. Ya ce ba komai, ƙafar ce ta ɗan maƙale, in jefo masa igiya in ja. Ya dube ni, na dube shi, na ga lokacin da ya tuna inda igiyar take. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi to ai ko ba komai tumakin mutane suna cikin aminci.

Na yi duk abin da na karanta. Na ce ya daina motsi, don kowane yunƙuri ƙasa yake ƙara kai shi, kuma kafin ya yarda da maganata ya kai ƙugu. Na ce ya jawo keken ya kwantar da ƙirjinsa a kai. Na shimfiɗa tanti da tabarmar barci a kan gansakukar na kwanta rub da ciki na ja jiki, amma ƙasar tana rawa a ƙarƙashina kamar fatar da ke kan madara, gwiwar hannuna ta huda ta shiga, ruwa baƙi mai sanyin ƙanƙara ya cika mini hannun riga. Tsakanin yatsuna da nasa bai fi tsawon mutum ba, na kasa. Na haɗa maɗauran jaka na jefa masa, na ja, suka tsinke. Na ɗaga waya sama ina zagayawa kamar mahaukaci, babu sabis. Ya ce in koma ƙyauren in kwanto igiyar. Na juya na dubi inda na fito, fari fat, ban san gabas ba ban san yamma ba, kuma na tattake sawun duk da zirga-zirgata. Na san in na tafi zan iya samun shingen, amma ban yarda zan sake samunsa shi ba. Na tsaya a tsakani, ƙafa ɗaya ta nufi can ɗaya ta nufi nan, ban taɓa tsanar wannan hali nawa kamar lokacin ba. Daga ƙarshe na ce ba zan tafi ba. Ya ce ni ƙaninsa ne, umarni yake ba ni. Na ce ya kai ƙarata wurin Mama.

Ba nutsewar ce ta fi ba ni tsoro ba, don da ya kwanta a kan keken ya daina yin ƙasa. Sanyin ne. Ruwan sama ya fara, siriri, mai shiga ƙashi. Na dafa shayi a risho, na tura masa fulas da sandar tanti, rabi ya zube. Na jefa masa rigar ruwata ya yafa a kai. Na ciro usur na riƙa busawa ina hutawa ina sake busawa, ba don na sa rai wani zai ji ba, don dai in ban yi wani abu ba zan fara ihu. Shi kuma yana ta zolaya, haƙoransa suna karo. Ya ce in zan ba ki labari in ce ya mutu yana fafatawa da zaki. Ya ce in gaya wa Senga ta yi haƙuri, ya so ya rage mata ni na 'yan kwanaki ne kawai. Sannan barkwancin ya fara raguwa. Maganarsa ta yi nauyi kamar ta mashayi, ya kira ni da sunan Baba. Can na ga ya daina rawar sanyi, na kuwa san wannan ba sauƙi ba ne. Sai ya sa hannu a ƙirji yana kokawa da zif, na ɗauka rigar zai cire, na roƙe shi ya bari. Ashe ledar Mama yake nema. Ya ciro ta, ya jefo mini, ta faɗi a kan gansakuka a tsakaninmu, bakinta a buɗe. Ya ce in riƙe wannan kada ta yi datti. A nan na san shi ma ya ji tsoro. Na jawo ta da sandar, na ce ajiya ce kawai, shi zai sa wa yarinyar da hannunsa. Ya kwantar da kumatunsa a kan sirdin keke ya lumshe ido. Na riƙa kiran sunansa ina tambayarsa sunayen 'yan ƙwallon da yake so, in ya yi shiru in faɗi sunan ba daidai ba da gangan don ya gyara mini. Hasken rana ya fara ja baya. Na yi addu'a irin wadda ban yi ba tun ina yaro, ba ta da tsari, sunansa kawai nake maimaita wa Allah.

Ina cikin busa usur sai wani abu baƙi ya fito daga hazo da gudu ya tsaya a gabana. Na kusa faɗawa cikin lakar. Karya ce irin ta kiwo, jiƙe sharkaf, ta kwanta tana kallona tana jiran in gaya mata abin da za ta yi. Sannan na ji ƙarar inji, sannan murya, muryar mace tana zagi tun kafin a ga mai ita. Babur mai ƙafa huɗu ya fito da ƙaramar tirela a baya, a kansa wata dattijuwa gajera cikin rigar ruwa da ta fi ta girma, kuma a hannunta, Yaya, igiyata ce a naɗe. Sunanta Bethia, tumakin tudun nan nata ne. Daga baya na ji yadda aka yi. Ta ga hadari yana tafe, tun safe ta buɗe ƙyauren ta tokare, ta zagaya bayan tudu da karnukanta ta tattaro garken don ta gangaro da su gida. Ta iso da su cikin hazo suka tarar da ƙyaure a ɗaure, suka yi cincirindo, suka fashe suka koma tudu, wahalar yini guda ta tashi a banza. Ta tsaya ta kwance ƙullina ɗaya bayan ɗaya, don ta ce ba ta yanka igiya mai kyau, ta ga sawun keke, ta rantse sai ta samo mai ita ta naɗa masa a wuya. Karyar kuma, Tib, ta ji usur ta ɗauka kiran aiki ne ta ɓalle.

Ta sauko tana tambayar wane ɗan birni ne mara aikin yi ya ɗaure mata ƙyaure kamar yana aika kaya ƙasar waje. Na ce ni ne. Ta buɗe baki za ta ci gaba sai ta hango Yaya Murdo, ta rufe. Ba ta ƙara ko kalma a kan ƙyauren ba. Ta ce in zo mu cire murfin bayan tirela, muka shimfiɗa shi a kan gansakuka, ta ɗaure igiyar a jikin babur, ta ce ni ne mara nauyi, in ja ciki in zagaya masa ita ta ƙarƙashin hammata in yi irin ƙullin nan nawa na masifa. Na yi. Ta ce in zura hannu in tona gefen cinyarsa don lakar ta saki, ita kuma tana jan babur ɗan kaɗan tana tsayawa, tana yi masa magana kamar yadda take yi wa tunkiya, tana ce masa taho ɗan tsoho, taho uban taurin kai, an fitar da waɗanda suka fi ka ƙiba. Na tona har na daina jin hannuwana. Ya yi ƙara sau ɗaya lokacin da gwiwar ta murɗe, ban taɓa jin daɗin ihun mutum haka ba. Lakar ta sake shi da wata ƙara mara daɗin ji, ya fito ba takalmi ba safa, ƙafafunsa farare kamar kitse. Muka kwantar da shi a tirela inda take ɗaukar tumaki marasa lafiya, na cire masa jiƙaƙƙun kaya na cusa shi a jakar barci, na kwanta a jikinsa na rungume shi, karyar ta hau ta kwanta a ɗaya gefen. Haka muka gangara. Muna wuce ƙyauren na gan shi a buɗe, an mai da dutsen wurinsa.

A kicin ɗinta ta hana ni matsar da shi kusa da murhu, ta ƙwace 'yar kwalbar barasar da na ciro daga jakarsa, ta ce a hankali ake ɗumama mutum. Ta kira motar asibiti da wayar gida. Kafin su iso rawar sanyin ta dawo masa, ya buɗe ido, ya dube ta, ya ce ta gafarce shi, ya ɓata mata daɓe da laka, kuma don Allah kada a tayar wa kowa hankali, shi lafiya lau yake. Ta juyo ta tambaye ni ko duk gidanmu haka muke. Na ce eh. Likita ya ce da an ƙara jimawa kaɗan da wani labarin ake yi, ya ce gwiwar za ta ɗauki lokaci, kuma yatsu biyu na ƙafar hagu har yanzu ba ya jin su sosai. Washegari na koma gonar don in kwaso kayanmu, na ce wa Bethia ta ba ni kowane aiki in biya ɓarnar da na yi. Ta kai ni ƙyauren ta ce in tsaya nan in riƙe shi a buɗe, kada in taɓa komai, kada in yi tunani. Na tsaya a cikin ruwa har garken ya wuce ta gabana.

A jirgin ƙasa muka isa Manchester, shi da sanda, sanye da takalmin marigayi mijin Bethia. Ailsa ta buɗe ƙofa ta ga ubanta ta fashe da kuka, shi kuwa ya ce mata hanya ta yi kyau, sai ɗan ruwa. Da ya zauna aka miƙa masa jaririyar, ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba. Na ciro hular na ba shi. Ruwan dausayin ya shiga ledar ya rina gefe ɗaya ya zama ruwan shayi, na wanke ta a gidan Bethia na sake wankewa a asibiti, bai fita ba. Ya sa wa Effie da hannunsa, ya daɗe yana gyara ta a kan kunnuwanta. Na fita baranda na tsaya, don ban so ya ga fuskata ba. In kika sake duba hoton za ki ga ya juya gefen mai tabon zuwa baya. Mama duk da haka ta gano, da tabarau ɗinta, ta ce ta san ba za a ba mu abu fari mu kai shi fari ba. Muka ce ta yi haƙuri.

Har yau ban san yadda zan ajiye abin a raina ba. Da ban tsaya rufe ƙyauren ba da muna tare, da igiyar tana jakata. Da ban ɗaure shi ba kuma da Bethia ta wuce da tumakinta gida ba ta san da mu ba. Nakan juya shi ta nan in juya ta can har Senga ta dafa ni ta ce ya isa. In na rufe ido koren wurin nan nake gani, sumul, da ledar Mama a kansa. Abin da nake roƙonki biyu ne. Kada Mama ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Sannan ki kira Yaya Murdo, ki bar shi ya yi miki ƙaryar gurɗewar, amma kada ki yi saurin ajiye waya. Ailsa ta ce yakan zauna shiru da yarinyar a hannu, ba ya barkwanci, in an tambaye shi ya ce lafiya lau. Ke ce kaɗai in kika yi shiru a waya yake gajiya ya faɗi gaskiya.

Ki gaishe mini da Colm, ki ce ina nan ina jiran hoton kifin da yake ta cika baki a kansa. Ki rungume mini Iona da Gregor, Allah ya ba Iona sa'a a jarrabawa. Mama da Senga suna gaishe ku, Ailsa ma ta ce in miƙa gaisuwarta. Kekunanmu suna can a rumfar Bethia, ta ce ba sa cin ciyawa, mu bar su sai mun shirya. Igiyar kuwa ta riƙe, ta ce ba ta yarda da ni da ita ba, ni ma ban nema ba.

Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki ƙani,
Struan